Mai Ido da Makaho: Tarihin Gatse a Wasannin Ban Tausayi na Girkawan Dauri

Wasan kwaikwayo na ban tausayi, wanda ake kira tirajidi, ya tsiro a birnin Atina na ƙasar Girka, ya kuma kai ƙololuwarsa a ƙarni na 5 kafin Miladiyya, saboda haka shekarun da za a ambata a nan duk na kafin Miladiyya ne, sai inda aka bayyana akasin haka. Ana gabatar da shi a bikin Diyonisus, ɗaya daga cikin abubuwan bautar Girkawa, wanda ake yi a wajen ƙarshen watan Maris, lokacin da sanyi ya janye, teku ta lafa, baƙi suka fara shigowa birnin ta jiragen ruwa. Tun wajen shekarar 534 hukuma ta mayar da abin gasa, inda ake zaɓar marubuta uku, kowanne ya kawo wasannin ban tausayi uku da na huɗu mai raha, a ɗora wa wani attajiri kuɗin horar da 'yan amshi, a kuma fitar da alƙalai ta hanyar ƙuri'a. Dubban mutane ne suke zama a gangaren tudun Akurofolis tun da safe, rana tana haska dandali da 'yan kallo baki ɗaya, 'yan wasa kuwa maza ne zalla, ba su wuce uku masu magana ba, kowanne sanye da fuskar aro wadda ta rufe kansa duka. Daga ɗaruruwan wasannin da aka yi a wancan ƙarni, talatin da 'yan kai ne kawai suka tsira cikakku, kuma kusan dukkansu na mutum uku ne: Eskilus, da Sofokilis, da Yuripidis.

Marubutan ba su cika ƙirƙiro sabon labari ba, domin daga tsoffin hikayoyin sarakunan Tebis da Argos da yaƙin Taroya suke ɗebowa, waɗanda ɗan Atina ya taso yana jin su a gida da wajen mawaƙa. Wannan ne ya haifar da abin da masana suke kira gatsen wasan kwaikwayo, wato yanayin da mai magana a dandali yake furta kalmar da take da ma'ana biyu, ɗaya wadda yake nufi, ɗaya kuma wadda 'yan kallo suke ji saboda sun san abin da bai sani ba. A gatsen yau da kullum mai magana ya san harshen damon da yake yi, shi ne ma yake riƙe da linzamin zancen, amma a wannan gatse sau da yawa mai maganar shi ne kaɗai wanda bai fahimci nauyin abin da bakinsa ya faɗa ba. Da yake wurin taro ne na kallo, ba abin mamaki ba ne da marubutan suka zaɓi ido da makanta su zama hanyar nuna wannan rata da ke tsakanin abin da mutum yake zaton ya sani da abin da yake a haƙiƙa.

Tushen abin ya girmi wasan kwaikwayo. A waƙoƙin Homa, wanda al'adar Girkawa ta ce shi kansa makaho ne, akwai wani mawaƙi Demodokus da aka ɗauke masa gani aka ba shi baiwar waƙa a madadinsa, akwai kuma Tiresiyas, makahon mai duba na birnin Tebis, wanda ko a duniyar matattu hankalinsa bai gushe ba. Hikayoyi sun sha bamban game da dalilin makantar Tiresiyas, wasu sun ce ya ga abar bautarsu Atena tana wanka, wasu sun ce Hera ce ta makantar da shi saboda hukuncin da ya yanke a wata gardama tsakaninta da mijinta Zeyus, amma duk sun haɗu a kan cewa sanin gaibu diyya ce ta idon da ya rasa. Abin lura shi ne cewa Homa ya san labarin Idipus, ya ambaci kashe uba da auren uwa da rataye kan da uwar ta yi, amma a wurinsa Idipus ya ci gaba da sarautar Tebis, kuma babu maganar tsiyaye ido. Wannan ya nuna cewa hikayar tana da rassa, kuma mai wasa yana da zaɓi a kan reshen da zai bi. Yuripidis ma, a wani wasansa da ya ɓata sai gutsattsari, ya sa bayin Layus, uban Idipus, ne suka makantar da shi da ƙarfi.

Eskilus, wanda ya yi yaƙin Maraton a 490, ya nuna mai gani da ba a yarda da shi ba. A wasansa Agamemnon, na farkon jerin uku da ya ci gasa da su a 458, sarki Agamemnon ya dawo daga yaƙin Taroya na shekara goma, matarsa Kilitemnestira ta tarye shi da zaƙin baki, ta sa aka shimfiɗa masa jajayen yadudduka masu tsada daga keken dokinsa har ƙofar fada, tana addu'ar a cika mata burinta, alhali burin shi ne ta kashe shi a wurin wanka saboda 'yarsu da ya yanka hadaya. Gatsenta irin na mai sani ne, ta san abin da kowace kalma take ɗauke da shi. Kasandira kuwa, 'yar sarkin Taroya da aka kawo ganimar yaƙi, abin bautarsu Afolo ya ba ta sanin gaibu ya kuma ɗora mata cewa ba mai gaskata ta. Tana tsaye a ƙofar fada tana ganin yaran da aka yanka a gidan tun zamanin mahaifin sarkin, tana jin ƙarnin jini, tana faɗin mutuwar sarki da tata, dattawan 'yan amshi kuwa suna gane abin da ta faɗa na baya, amma da ta zo kan abin da zai faru cikin 'yan mintuna sai fahimtarsu ta toshe. A nan matsayinta da na 'yan kallo ya zama ɗaya, domin su ma sun ga abin da ke tafe, kuma ba su da ikon ɗaga murya su hana.

Sofokilis, wanda aka haifa a ƙauyen Kolonus wajen 496, ya ci gasarsa ta farko a 468 a kan Eskilus, ya rubuta wasanni fiye da 120, bakwai ne suka rage. A farkon wasansa Ajas ya shirya wani fage wanda kamar darasi ne a kan yadda gatse yake aiki. Jarumi Ajas ya fusata saboda an ba jarumi Odisiyus makaman marigayi Akilis, ya fita da dare don ya kashe shugabannin rundunar Girkawa, sai Atena ta juya masa gani ya faɗa wa garken dabbobi yana yanka yana zaton mutane ne. Da gari ya waye Atena ta kira shi waje, ta rufe masa ido daga ganin Odisiyus da ke tsaye kusa, ta bar shi yana alfahari da raguna da ya ɗaure a tanti da sunan abokan gaba. Ta gayyaci Odisiyus ya yi wa maƙiyinsa dariya, shi kuwa ya ƙi, ya ce tausayinsa yake ji, domin a halin Ajas yana hango nasa halin da na kowane ɗan Adam. Wannan amsa ita ce mabuɗin fahimtar Sofokilis baki ɗaya, saboda ta nuna wa ɗan kallo yadda ake so ya riƙe sanin da aka ba shi: fifikon da yake da shi a kan mutumin dandali aro ne na ɗan lokaci, kuma abin da ya dace ya haifar shi ne tausayi da tsoro.

Kafin a zo kan wasan Sarki Idipus, wajibi ne a dubi birnin da aka yi shi dominsa. Atina ta tsakiyar ƙarnin gari ne da ya amince da kaifin hankalinsa, ya kori Farisawa, ya mallaki teku, ya cika da malaman hujja da likitoci da masu binciken sararin sama. Furotagoras yana koyar da cewa mutum shi ne ma'aunin komai, Anaksagoras yana cewa rana dunƙulen abu ne mai wuta, abin da ya jawo masa tuhumar saɓo da barin gari. Sofokilis kansa ba baƙon mulki ba ne, ya riƙe muƙamin ma'aji a ƙawancen da Atina take jagoranta a 443, ya kuma zama ɗaya daga cikin janar goma tare da Ferikilis, jagoran birnin, a lokacin yaƙin tsibirin Samos. A 431 yaƙi ya ɓarke da Sifata, mutanen karkara suka cunkusu cikin ganuwa, a 430 annoba ta faɗo, a 429 ta ɗauke Ferikilis. Marubucin tarihi Tusididis, wanda ya kamu da cutar ya tashi, ya ce likitoci ne suka fi mutuwa, roƙo a ɗakunan bauta da tambayar masu duba ba su yi amfani ba har mutane suka daina, kuma wasu daga cikin waɗanda suka tsira sun rasa idanunsu. Mafi yawan masana suna sanya Sarki Idipus a 'yan shekarun da suka biyo bayan wannan annoba, kuma da annoba wasan ya buɗe.

Labarin da 'yan kallo suka zo da shi a ka shi ne cewa an gaya wa Layus, sarkin Tebis, ɗansa ne zai kashe shi, sai aka huda wa jaririn idon sawu aka ba makiyayi ya yar a dutsen Kitayiron, makiyayin ya ji tausayi ya miƙa shi ga wani makiyayi daga Koranti, inda sarki Folibus da matarsa Merofi suka rene shi kamar nasu. Da ya girma wani mashayi ya goranta masa asali a wurin walima, ya tafi ɗakin duban Afolo da ke Delfi, aka gaya masa zai kashe ubansa ya auri uwarsa, sai ya juya wa Koranti baya don ya tsere wa abin. A wata mararrabar hanyoyi uku ya yi rigima da wani dattijo a kan wa zai ba wani hanya, ya kashe shi, ya isa Tebis, ya warware kacici-kacicin dodanniyar da ta addabi garin, aka ba shi sarauta da sarauniya Jokasta, suka haifi 'ya'ya huɗu. Sofokilis ya ajiye duk wannan a baya, ya fara daga ranar da Kiriyon, ɗan'uwan sarauniya, ya dawo daga Delfi da saƙon cewa annoba ba za ta tafi ba sai an fitar da wanda ya kashe Layus.

Daga nan kusan kowace jimla ta Idipus tana da baki biyu. Ya gaya wa masu koke cewa duk ciwonsu bai kai nasa ba, yana nufin damuwar shugaba, 'yan kallo suna jin wata cutar daban. Ya ce shi baƙo ne ga wannan labari da wannan aika-aika. Ya ce zai yi wa Layus yaƙi kamar ubansa ne, tun da yana kan gadonsa, yana auren matarsa, kuma da marigayin ya bar zuriya da 'ya'yansu sun haɗa uwa. Ya ce neman makashin kare kansa ne, domin hannun da ya kashe wancan sarki zai iya juyowa kansa, wanda kuwa haka aka yi, da wannan hannun ya tsiyaye idonsa. Ya haramta wa kowa yi wa mai laifin magana ko ba shi masauki ko haɗa ibada da shi, ya tsine masa, ya kuma haɗa da kansa idan har ya ɓoye shi a gidansa da saninsa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan kalamai da ya fito daga wauta ko mugunta, dukkansu maganar shugaba nagari ce wanda ya ɗauki nauyin jama'arsa, kuma nagartar tasa ce take ƙara ɗaure igiyar.

Sai aka shigo da Tiresiyas, ɗan jagora yana riƙe da shi, makaho ya tsaya gaban mai ido a tsakiyar dandali da rana tsaka. Da fari ya ƙi magana, yana kukan cewa sani masifa ne idan ba zai amfani mai shi ba, ya roƙi a bar shi ya koma gida. Idipus ya lallaɓa, ya fusata, ya zarge shi da hannu a kisan, shi kuma ya fito fili ya ce sarki ne mai laifin da ake nema. Idipus ya mayar masa da cewa makantarsa ta haɗa ido da kunne da zuciya, ya tambaye shi ina dubansa yake ranar da dodanniya take cin mutane, ya tuna masa cewa shi da basirarsa ya warware matsalar ba tare da duban tsuntsaye ba, ya kuma yanke cewa makirci ne da Kiriyon ya ƙulla don kujera. Tiresiyas ya amsa cewa sarki yana da ido amma bai ga inda yake ba, bai ga da wa yake zaune ba, bai san iyayensa ba, kuma ranar tana zuwa da zai bar garin yana makaho, matalauci, yana laluben hanya da sanda.

Wannan fage ya zo tun kafin a ci sulusin wasan, saboda haka an riga an faɗi gaskiya duka a kunnen Idipus, kuma abin da ya rage shi ne yadda ji zai koma gani. Ana yawan ɗaukar ƙin yardarsa a matsayin girman kai, amma adalci ya buƙaci a auna hujjar da ke hannunsa: ya san ubansa yana raye a Koranti, an ce gungun 'yan fashi ne suka kashe Layus alhali shi kaɗai ne a mararraba, mai zargin kuma bai kawo shaida ko ɗaya ba. Kowane alƙali a kotunan Atina da haka zai yanke. Makantarsa a tushen lissafin take, domin abu ɗaya da bai taɓa tuhuma sosai ba, wato ko shi ɗan wane ne, shi ne abin da ya gina komai a kai.

Abin da ya biyo baya jerin taimako ne da kowanne ya koma cuta. Jokasta ta so ta kwantar masa da hankali ta nuna cewa duba ƙarya ne, ta ce an gaya wa Layus ɗansa zai kashe shi amma ga shi baƙi ne suka kashe shi a mararrabar hanyoyi uku, kuma ambaton mararrabar ne ya fara girgiza shi. Ta ƙara da cewa bawa ɗaya da ya tsira, da ya dawo ya tarar da Idipus a kan mulki, ya roƙi a tura shi daji can nesa inda ba zai riƙa hango birnin ba. Manzo ya zo daga Koranti da albishir cewa Folibus ya rasu an ba Idipus sarauta, da ya ga sarki yana tsoron komawa saboda Merofi sai ya ce ya kwantar da hankali ai ba ita ta haife shi ba, shi da kansa ya karɓe shi yana jariri daga hannun makiyayin Layus. A nan Jokasta ta gane, ta roƙe shi ya bar binciken, shi kuwa ya ɗauka kunyar auren ɗan bayi take ji. Mutum huɗu ne a wasan suka nemi ya tsaya ko suka ƙi buɗe baki, wato mai duba, da sarauniya, da tsohon makiyayi, har da Kiriyon da ya so a yi zancen a cikin gida, amma Idipus ya sa aka murɗe wa makiyayin hannu, kuma ko da ya riga ya hango amsar ya nace sai ya ji ta da kunnensa. Babu wani abin bauta da ya sauko ya tilasta masa wannan, shi ya zaɓi ya sani.

Bisa al'adar wasan, ba a cika zubar da jini a gaban jama'a ba, saboda haka wani bawa ne ya fito ya ba da labarin yadda Idipus ya ɓalle ƙofar ɗaki, ya tarar da Jokasta a rataye, ya sauke ta, ya zare alluran zinariya da ake maƙale tufa da su a kafaɗa, ya soka su a idanunsa ba sau ɗaya ba har jini ya wanke masa gemu. Sannan aka buɗe ƙofar fada ya fito yana lalube, 'yan amshi suka ce suna son tambayarsa amma ba su iya duban fuskarsa. Dalilan da ya bayar a sarari suke: babu abin daɗi da ya rage masa ya gani, ba shi da idon da zai kalli ubansa da uwarsa a duniyar matattu, ko 'ya'yansa, ko garin da ya ƙazantar, kuma da akwai hanyar toshe ji da ya toshe. Ya kuma raba abu biyu da kyau, ya ce Afolo ne ya kawo masifar, amma hannun da ya soki idon nasa ne. Laifuffukan da aka ƙaddara masa ya aikata su da ido buɗe cikin rashin sani, wannan aiki kuwa ya yi shi da cikakken sani. An ruwaito cewa jerin wasannin da wannan yake ciki bai zo na ɗaya ba a gasar shekarar, Filokilis, ɗan 'yar'uwar Eskilus, shi ne ya ci.

A wasan Antigoni, wanda ya riga wannan fitowa, Tiresiyas ya zo da ɗan jagoransa ya gargaɗi Kiriyon, wanda a lokacin yake sarautar Tebis, a kan hana binne gawa, Kiriyon ya zarge shi da kwaɗayin kuɗi, ya sauko daga baya bayan lokaci ya ƙure, ya rasa ɗansa da matarsa a rana guda. A can taurin kan sarki ne sila, kuma bambancinsa da Idipus a bayyane yake.

Yuripidis ya karkata abin zuwa wata fuska mai tsanani, inda gani kansa yake lalacewa. A wasansa Bakkai, wanda aka gabatar wajen 405 bayan rasuwarsa, Diyonisus ya shigo Tebis da siffar baƙo, saurayin sarki Fentiyus ya sa aka ɗaure shi yana tambayarsa ina abin bautar nasa yake, alhali shi ne tsaye a gabansa. Baƙon ya gano cewa a ƙarƙashin tsanar da sarki yake yi wa matan da suka hau dutse bauta akwai kwaɗayin leƙensu, sai ya sa shi ya yi shigar mata, ya fito yana ganin rana biyu da birni biyu, ya ɗora shi a kan doguwar bishiya don ya yi kallo, inda matan suka riga shi gani suka yayyaga shi. Uwarsa Agabi ta dawo gari da kansa a hannu tana murnar ta kashe zaki, sai tsohon ubanta Kadmus ya sa ta ɗaga kai ta dubi sama, ya tambaye ta wa ta aura, wa ta haifa, sannan ya ce ta dubi abin da take riƙe da shi. Wasan ya taɓa 'yan kallo kai tsaye, domin su ma sun zo bikin Diyonisus ne don su kalli wahalar wasu daga wurin da suke zaton babu haɗari. A tsakanin nan birnin ya ɗanɗani tasa makantar: a 413 rundunarsa ta halaka a Sisili bayan da janar Nikiyas ya jinkirta janyewa saboda kusufin wata bisa shawarar masu duba, kuma Tusididis ya ce jama'a sun juya fushinsu kan masu duban da suka ba su ƙwarin gwiwar tafiyar tun farko.

Sofokilis ya koma kan Idipus yana da shekara kusan 90, ya rubuta Idipus a Kolonus, ya rasu wajen 406, jikansa ya gabatar da wasan a 401, shekara uku bayan Atina ta miƙa wuya ga Sifata. Tsoho makaho, 'yarsa Antigoni tana masa jagora, ya iso wani kurmi mai alfarma a mahaifar marubucin, ya kare kansa da ƙarfi cewa abin da ya yi cikin rashin sani ya yi shi, kuma wanda aka kai wa hari ba ya tsayawa tambayar ko maharin ubansa ne. Yanzu shi ne mai faɗin abin da zai faru, ya yi wa Tesiyus, sarkin Atina, alkawarin cewa kabarinsa zai kare Atina, ya tsine wa 'ya'yansa maza biyu da mutuwa a hannun juna. Da aka yi tsawa ya tashi ba ɗan jagora, ya shige gaba masu ido suna bin sa, kuma Tesiyus, wanda shi kaɗai ya shaida ƙarshensa, an gan shi ya kare fuskarsa da hannu.

Wajen 335 Aristotal ya rubuta littafinsa a kan fasahar waƙa, ya ɗauki Sarki Idipus a matsayin abin misali, saboda a cikinsa juyin al'amari, wato aiki ya haifar da kishiyar abin da aka nufa, ya zo lokaci ɗaya da ganewa, wato fita daga jahilci zuwa sani. Ya ce jarumin da ya dace shi ne wanda ya faɗi saboda wani kuskure, ba saboda lalacewar hali ba, kuma labarin ya kamata ya sa tsikar jiki tashi ko da ji kawai aka yi. Bai kira wannan gatse ba, domin a zamaninsa sunan yana kan mai ƙanƙantar da kansa da gangan irin Sokiratis. Sunan gatsen wasa ya bazu ne bayan maƙalar da malamin Ingila Connop Thirlwall ya buga a 1833 Miladiyya a kan Sofokilis. Matanin wasannin Sofokilis kuwa ya iso ta hannun masu kwafi na Rumawan Gabas, mafi muhimmancin kwafin na ƙarni na 10 Miladiyya ne kuma yana Fulorens a Italiya, an buga wasannin a Benis a 1502 Miladiyya, kuma da Sarki Idipus aka buɗe gidan wasan Olimpiko na Bicenza a 1585 Miladiyya.

A ƙarni na 20 Miladiyya masana sun yi ta jayayya a kan laifin Idipus. Bernard Knox, a littafinsa na 1957, ya ga hoton Atina kanta a jikinsa, gari mai sauri da bincike da yarda da kai, E. R. Dodds kuwa a 1966 ya rushe ra'ayin cewa hukunci ne aka yi masa saboda zafin rai, tun da an faɗi ƙaddarar kafin a haife shi. A Masar, Ɗaha Husaini, wanda ya makance tun yana ƙarami, ya fassara wasannin Sofokilis zuwa Larabci, Taufiƙul Hakim kuma ya rubuta nasa Idipus a 1949. A Nijeriya Ola Rotimi ya gabatar da The Gods Are Not to Blame a Ile-Ife a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, ya mayar da labarin ƙasar Yarabawa, da sarki Odewale da makahon mai duba Baba Fakunle, ya kuma ɗora faɗuwar jarumin a kan zafin zuciya da zargin ƙabilanci. Wannan hukuncin Rotimi ne a kan ƙasarsa a wancan lokaci, kuma yana da hujjarsa, amma ɗalibin da ya fara sanin labarin ta hannunsa sannan ya ɗora wannan hukunci a kan wasan Sofokilis ya zalunci Idipus na Tebis, domin shi abin da ya tona asirinsa neman ceton garinsa ne da ƙin barin bincike a tsakiya.